Ka Rage Tsawo, Yasir

Sharafiyya, Jidda.

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, tare da roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune a ɗakinka na makaranta, jirgi ya sauke ka lafiya, kayanka sun iso cif. Ummanka ce ta ce in sa ta ƙarƙashin kwalin dabino, don ta san nan hannunka zai fara zuwa. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ka yi ta haɗa baƙi kamar ɗan aji biyu kana cewa "esh hada ya Abba", wai mene ne wannan, to sai ka daure. Larabcina na tashar jiragen ruwa ne, na ɗauko da ajiye, ba zai iya ɗaukar abin da nake son gaya maka ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Maganar da ka yi ranar Juma'a muna cin abinci ce ta tsaya min a rai. Ka tuna ka zaunar da ni gaban kwamfutarka ka nuna min wasan nan naku na Amurka, ƙwallo mai siffar gwanda wadda ake runguma a gudu da ita. Ka ce ku biyar ne ƙarti a sahun gaba, aikinku ku ture mutanen wancan gefen ku buɗe kafa, sai wani siririn yaro ya rungumi ƙwallon ya bi ta nan. Ka ce bara duk kakar wasa yaron nan bai yi wani gudun kirki ba, da ya ɗaga ƙafa sai a kayar da shi, 'yan kallo na ta zaginsa alhali hanya ce ba ta buɗuwa. Na ce to laifin wa ke nan? Ka ce na Markus ne, yaron da ke tsayawa a hagunka, gajere ne kuma ana yawan tura shi baya. Da na matsa maka, ka faɗi abin da kocinku ya ce: wai kai kake riga kowa tashi, kana miƙewa da tsawonka, ka tura naka mutumin can nesa ka bar ɓaraka tsakaninka da Markus, sai mutum biyu su faɗa masa.

"Wallahi ya Abba ni ban taɓa faɗuwa ba," in ji ka. "Kullum ina ture nawa. Da na isa zan je wurin koci ya canza shi, halas, shi ke nan."

Ummanka ta ce, "In an cire shi, ina zai je?"

Ka ce shi ma wasan ne ke ɗauke masa nauyin karatu kamar kai, in an cire shi sai gida, amma wannan ba damuwarka ba ce. Na ci gaba da cin abincina. Ka ɗauka yarda na yi. Ummanka kuwa ta ɗago ta dube ni, don ta san muryar da ta ji a bakinka, ta daɗe tana jin ta.

Ni ban san wasanku ba, Yasir, har yanzu ban gane dalilin da ya sa ake tsayawa kowane ɗan lokaci a yi taro ba. Amma na san aikin da mutane ke haɗa jiki su yi, don da shi na ciyar da ku. Kuma yawancin abin da na sani, kuskure ne ya koya min.

Na sauka Jidda ina saurayi, da niyyar in yi aikin hajji in koma, sai ga shi har yau ban gama komawa ba. Shekarun nan ne da jiragen siminti suka yi jerin gwano a teku suna jiran a sauke su, in ka hau rufin sito ka duba sai ka ga kamar an kafa wani gari a kan ruwa. Duk mai ƙashin baya yana da aiki a tasha. Muna kwana mu goma sha wani abu a ɗaki guda, da safe mu sayi gurasar tamis mai zafi mu tsoma a wake, mu bi bayan mota zuwa bakin ruwa. Ƙurar siminti ta mayar da mu duka launi ɗaya, Bahaushe da mutumin Yaman da na Sudan, sai mutum ya yi magana ka san ko shi wane ne. Ban taɓa gajiya irin ta lokacin ba, ban kuma taɓa yin dariya irin ta lokacin ba. Dogo ake kirana, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

A cikin jirgi layi muke yi, buhu na bin hannu zuwa hannu har ya hau mota. Ni kuwa sai in fizgo buhu in wurga wa na gabana tun bai sauke na hannunsa ba, don a ga Dogo na aiki. Buhuna su taru a ƙafarsa, wani ya fashe, layi ya tsaya ana gyara. In an yi magana in ce ai ni na yi nawa. Shugaban layinmu wani dattijo ne mutumin Yaman, ɗan ƙanƙani, kullum da ƙoƙon shayi a hannu. Wata rana ya kira ni ya nuna min motar da ke fita daga tasha rabi-rabi, ya ce, "Ya Dogo, motar nan ba ta san sunanka ba. Ko ta cika ko ba ta cika ba." Na ji haushinsa har na ƙi shan shayin da ya miƙo min. To kai ma in kana son sanin ko ka yi wasa, kada ka ƙirga mutanen da ka ture. Ka waiwaya ka ga inda yaron nan mai ƙwallo ya kai. In a bayanka aka kayar da shi, ba ka yi komai ba ranar, ko da ka tura naka mutumin har cikin 'yan kallo.

Halin bai tsaya a tasha ba, ya biyo ni gida. Muna sabon aure na ɗauki Ummanka zuwa Bab Makka ta zaɓi atamfa, ana dab da salla, kasuwa ba masaka tsinke. Na ce ta biyo bayana in buɗe mata hanya. Na sa kafaɗa na yi ta kutsawa, mutane na darewa, ina jin kaina wani jarumi. Sai da na fita can bakin masu sayar da kayan yaji na juya, babu amarya babu dalilinta. Kafar da na buɗe tana rufewa tun kafin ta sa ƙafa, don takuna ɗaya nata biyu ne. Na koma ina zufa ina leƙa shaguna, na same ta zaune a kan kujerar wani mai yadi, an ba ta ruwan sanyi, har ta gama ciniki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ka isa lafiya?" Har yau in na cika sauri a wani al'amari wannan tambayar take yi min, kuma kun sha jin ta ba ku san asalinta ba. Hanyar da ka buɗe ba taka ba ce, ta na bayanka ce, don haka da saurinsa za ka auna ta.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Ammi Sanda, abokina mai sayar da huluna da carbi a Bab Makka, wanda ba ya iya juya wuyansa. Kana yaro kakan yi dariya ka ce Ammi Sanda yana juyawa kamar jirgin ruwa, gaba ɗayansa, Ummanka ta make maka baki. Kun taso kun gan shi haka, kun ɗauka haka Allah Ya yi shi. Lokacin da na san shi wuyansa lafiya lau yake, har rawa yake da shi in ana kiɗan biki.

In watan hajji ya zo aiki ya yi sanyi a tasha, mukan hau Makka mu yi ɗaukar shibriyya. Ba ka tarar da ita ba, kujerun turawa sun kashe ta. Wani gado ne na katako, a ɗora tsoho ko mara lafiya a kai, mutum huɗu su sa gammo su ɗauka a ka, a yi masa ɗawafi. Tsofaffin garinmu tsoronta suke. Akwai wata gwaggo da ta dubi gadon ta dube mu ta ce ita ba za ta hau makara da ranta ba, sai da 'ya'yanta suka yi ta lallashi. Da ta hau kuwa ta hango Ɗakin Allah sama da kawunan mutane, kuka ta yi ta yi tana sa mana albarka har muka sauke ta. Muna tafiya muna kiran "hashab, hashab", wato ga katako nan, jama'a su kauce. Na yi ayyuka da yawa a ƙasar nan, amma babu wanda nake kewa kamar wannan.

Ni nake gaba ta dama, Sanda gaba ta hagu, wasu 'yan'uwa biyu mutanen Sakkwato a baya, su tsawonsu ɗaya. Sanda kuwa da ƙyar ya kai min kafaɗa. Ga abin da ban sani ba a lokacin, ko in ce ban so sani ba: in dogo ya miƙe da tsawonsa, gadon yakan karkata, nauyi ya gangara kan gajere. Ni ina jin kaya sakayau ina taku da faɗi, shi yana ɗauke da nasa da rabin nawa. Ya ninka gammonsa biyu, daga baya ya ninka uku, har aka riƙa tsokanarsa ana ce masa mai rawani, shi ma yana dariya. In muka shiga cunkoso gefensa ne ke nutsewa, mutane su danno ta nan, gadon ya tsaya, wasu masu ɗauka su wuce mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ina ganin tsagar a gefen Sanda take, don haka tasa ce. Sau da yawa yakan ce min a hankali, "Dogo, ɗan rage tsawo." Ni kuma in ce, "Ni ina ɗauke da nawa."

Haka muka yi hajji bayan hajji. Rannan na gaji da ganin ana wuce mu, na je wurin shugaban masu ɗauka, Malam Ɗahiru, wani Bakatsine haifaffen Makka wanda ba ya ɗaga murya. Na ce masa Sanda na ja mana baya, a ba ni wani mai ƙarfi. Na san sarai cewa da aikin hajjin nan Sanda ke riƙe iyalinsa a Damagaram shekara guda, amma na ce a raina wannan ba damuwata ba ce. Ka ji kalmar? Ba daga Amurka ka koyo ta ba, a gida ka gaje ta.

Malam Ɗahiru ya ce, "To, gobe za a ba ka mai ƙarfi."

Washegari ya kawo wani Abakar, mutumin Cadi, wanda ni Dogo sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa. Ya sa shi a dama, wurina, ni ya mayar da ni hagu, wurin Sanda. Aka ɗora mana wani alhaji mai jiki, muka ɗaga. Tun kafin mu gama zagayen farko na ji kamar ana murɗa min ƙusa a ƙeya. Abakar na tafe yana taku da faɗi yana kiran hashab da murya mai daɗi, ni ina bin sa da gudu-gudu, idanuna na ruwa, gefena na nutsewa, mutane na danno ni. Da abin ya ishe ni na ce, "Ɗan'uwa, don Allah rage tsawo." Ko dubana bai yi ba ya ce, "Ni ina ɗauke da nawa." Ba gatse yake min ba, Yasir, bai san komai game da ni ba. Iyakar gaskiyarsa ya faɗa, kamar yadda ni ma nake faɗar tawa. Da muka sauke alhajin na zauna a gindin wani ginshiƙi na kasa ɗaga kaina. Malam Ɗahiru ya zo wucewa ya ce, "Yaya mai ƙarfin?" Bai jira amsa ba. Ɗawafi ɗaya na yi a wannan kusurwa, Sanda kuwa ya yi shekaru a cikinta.

Na koma gefen Sanda na koyi tafiya da gwiwa a lanƙwashe. Ba zan ɓoye maka ba, ta fi wuya nesa ba kusa ba. Cinyoyi na ƙuna, kuma babu mai ganin tsawonka balle ya yaba. Na koyi jiran numfashinsa kafin in ɗaga ƙafa, mu taka tare. Sai ga gadon ya daidaita, cunkoso na darewa gabanmu don mun zama abu guda mai faɗi, babu gefen da za a danna. Tsofaffi suka riƙa cewa a kai su wurin Dogo da Sanda, gadonsu ba ya girgiza. Sanda ya mayar da gammonsa ɗaya. Amma gyaran ya zo a makare. Bayan 'yan shekaru wuyan ya ƙage, likita ya ce ƙasusuwan sun cinye juna, ya bar ɗauka. Shi yakan ce aikin ne, kowa da inda yake taɓa shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni dai na san kusurwar da ya tsaya, na kuma san wanda ke damansa.

Ban ce Markus gwani ba ne, ban san shi ba. Wataƙila da gaske bai kai ba, in haka ne kocinku na da ido, aikinsa ne, ka bar masa. Abin da nake roƙonka shi ne kada bakinka ya zama sanadin komawar ɗan wani gida ba karatu, alhali ba ka taɓa tsayawa inda yake tsayawa ba. Mutumin da ya san wasan ya riga ya gaya maka abin da Sanda ya yi ta gaya min: ka rage tsawo, ka jira a tashi tare, kada ka bar na kusa da kai da mutum biyu. Ka gwada wannan kaka guda da zuciya ɗaya. In da hali ka roƙi koci ya sa ka a wurin Markus ko da a wasan gwaji ne, ka ji abin da ke sauka a kansa in na damansa ya tafi neman suna. Ka ci abinci da shi, ka ba shi dabinon nan. A masallaci ka taso kana jin liman na cewa a daidaita sahu a toshe ɓaraka, kuma ka sani ba a toshe ta da harara, matsawa ake yi.

Shekaranjiya bayan la'asar na je Bab Makka wurin Sanda, na tafi da hoton nan naku da kuka duƙa ku biyar a jere. Ya juyo gaba ɗayansa kamar yadda ya saba, ya karɓa ya kai kusa da ido. Da ya ga abin da kuke sawa a kafaɗa ya yi dariya har da tari.

"Ka ga 'yan gata," ya ce. "Su gammon ma ɗinka musu ake yi. Wanne ne namu?"

Na nuna masa kai. Ya ce ai ba sai an nuna ba, ga shi nan ya fi kowa tsawo ko a duƙe. Sai ya sa yatsa a kan na hagunka ya tambayi sunansa. Na gaya masa, na kuma ba shi labarin duka, har da abin da ka ce za ka yi in ka isa. Ya daɗe yana kallon hoton. Wani ya zo taya hula bai ko kula shi ba.

"Ka ce wa Yasir, kafin ya je wurin shugabansu, ya tambayi yaron nan wuyansa," ya ce. Ya miƙo min hoton yana murmushi. "Kai ba ka taɓa tambayata ba, Dogo."

Na tsaya ina lissafi a raina, na ga gaskiya ne. Na lanƙwasa gwiwa, na raka shi asibiti, shi ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, mun yi kusan rabin rayuwarmu tare, amma ban taɓa buɗe baki na tambaye shi ba, saboda ina tsoron amsar. Kunya ta kama ni a tsakiyar kasuwa, da furfurata. Na ce, "To Sanda, yaya wuyan?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Ka san mu, ko ana zare wa mutum rai da sauƙi zai ce. Markus ma haka zai ce maka da nasa yaren. Kada ka karɓi amsar farko, ka zauna ka sake tambaya.

Sauran ka san su. Ka riƙe sallarka ko da kai kaɗai ne mai yi a ginin. Ka lura da kwanan iƙamarka, takardar zamanka a nan, kada ta mutu kana can, ka san wahalar da ke biyo baya. Ka sa rigar sanyin da Ummanka ta saya maka ko da ba ta yi maka kyau ba, za ta tambaya. Ina alfahari da kai, Yasir, kuma gidan ya yi mana faɗi tun ba ka kai filin jirgi ba.

Allah Ya tsare min kai a hanya da masauki, Ya tsare ƙashinka da na waɗanda za ka yi karo da su, Ya sa na kusa da kai ya ji sauƙi saboda kai. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka kira ranar Juma'a ba zan tambaye ka ko kun ci wasa ba. Wuyan Markus zan tambaya, don Ammi Sanda ya ce in kai masa amsa.

Wassalam, ni ne mahaifinka,
Haladu Dogo.